Inna ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ina zaune a wani taron marubuta a Zariya, ana hutun sallar azahar, ƙanina ya kira ni ya ce Gwaggo ta rasu a ƙauyenmu Furana. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na kama motar Ikara, amma kafin in isa an kai ta.

Ni ba wata mai zurfin boko ba ce, ɗinki nake yi a Paki. Na daɗe ina son rubuta wa yara labari, shi ya sa na je taron. Labarin da na kai na yayanmu ne, ɗan farin Inna, wanda aka haifa shekarar da aka samu mulkin kai. Ban riske shi ba, ƙyanda ta ɗauke shi yana ƙarami. Duk abin da na sani a bakin Gwaggo na ji: yana da wata 'yar tuta da wani ɗan makaranta ya ba shi, kullum sai ya soke ta a jinkar rumbu, kuma in motar masu sayen gyaɗa ta shigo gari shi ne kan gaba wajen bin ta da gudu.

A taron na koyi abubuwa. An ce mu gajarta jimla, mu daina wa'azi a ƙarshen labari, mu karanta wa yaro da baki mu ga inda hankalinsa zai tafi. An ce ba laifi a faɗa wa yara mutuwa, in dai an faɗa a hankali. Da na karanta nawa, malamar da ke duba mana ta yaba, sai ta tambaye ni sunan yaron, don ni "yaro" kawai na yi ta rubutawa. Ta ce yara ba sa riƙe wanda ba su san yadda za su kira shi ba. A nan na gane ban san sunan yayana ba. Gwaggo "yayanku" take cewa, mu ma ba mu taɓa neman ƙari ba. Na ce a raina in na koma zan tambaye ta.

Wajen zaman makoki na tambayi tsofaffin unguwa. Wani ya ce kamar Sani, wata ta ce Haruna, daga baya ta ce a'a, Haruna na gidan maƙwabta ne, yara da yawa suka tafi a shekarar.

Saura Inna. Tana da rai, ta tsufa ƙwarai, amma hankalinta garau. Kun san alkunyar ɗan fari ta mutanen da. Ko yana raye ba ta kira sunansa ba, an ce da ya rasu ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ran sadakar uku na zauna kusa da ita na ce, "Inna, yayanmu da ya rasu..." Ta dube ni ta ce, "Kin ci abinci kuwa?"

Ƙanina ya ce in sa masa kowane suna in ƙyale tsohuwa, ga sabon rashi a kanta. Mijina ya ce in ta tafi da sunan, ba mai sake saninsa, ko a addu'a. Ni kuma zuciyata ta kasa laƙaba masa sunan da ba nasa ba.

'Yan uwa, in matsa mata ta faɗa, ko in bar ta da abin da ta riƙe tun tana yarinya? Akwai hanyar da za a bi ba sai ta furta da bakinta ba? Jikinta ba daɗi tun bayan makokin, kuma har yau ban sake tayar da maganar ba.