Abin da Na Ɓoye wa Mai Duba 'Yan Wasa

Melvina, 'yata, ajiye duk abin da ke hannunki ki karanta wannan yanzu. Kada ki ce sai kin sauke tukunya, masu haƙar ma'adinan nan ba za su mutu ba don abincinsu ya makara. In kuma wani ne ya karɓi takardar daga hannun matuƙin jirgi, don Allah ya kai mata har kicin, maganar ɗanta ce.

Bayan haka ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, sanyin can bai taɓa ƙirjinki ba. Allah ya tsare ki, ya ba ki ƙarfin aiki. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta, ƙanenki Alphonse ya cika mini rumfa da itace, kifi ma bai yanke ba. Verna maƙwabciyata ce ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Tana cewa in rage sauri, ni kuwa ba zan iya ba.

Maganar Leander ce. Lahadi uku da suka wuce, a wasan hoki na kan ƙanƙara da yaran garin ƙetaren tafki, wani ƙaton yaro ya haɗa shi da katakon gefen fili. Ina zaune a wurin. Na ji ƙarar hular kwanonsa har cikin haƙorana. Ya kwanta a kan ƙanƙarar ba motsi, sannan ya miƙe, mutane suka yi ta tafi. Kocinsu Wilfred ya ɗaga masa yatsu wai nawa ne, yaron ya ce biyu ne kuma duk suna son wanki, aka yi dariya, aka mai da shi cikin wasa. Da muka dawo gida ya zaga bayan rumfar itace ya yi amai, yana zaton ban gani ba. Tun ranar ba ya son haske. Labule yake ja da rana tsaka. Ya tambaye ni ko na ba karnuka abinci, na ce na ba su, kafin ruwan shayi ya tafasa ya sake tambaya. Jiya ya kira karen nan da sunan wanda ya mutu bara. Yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar Talata ya yi jifa da cokali don rediyo na magana. Da na ce mu je asibiti, sai ya rungume ni yana mini daɗin baki, wai tsohuwa mai ran ƙarfe, idona ne ya tsufa, shi ƙalau yake. Sannan ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba har a gama zaɓen yara. Na yi alkawarin, Allah ya yafe mini, ga shi ina karya shi.

Kin san mutanen nan da suka fara zuwa filinmu bana, masu baƙaƙen riguna, da ke zama can sama a kusurwa da kofin kofi. Ba sa tafi, ba sa ihu, rubutu kawai. Ashe su ne manyan ƙungiyoyin kudu ke turowa su duba yara 'yan shekara goma sha huɗu, su rubuta wanda ya isa a ɗauka. Ni ban sani ba, ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini. Kuma ban san suna bin yaro har gida ba.

Alhamis ɗin makon jiya da hantsi, Leander na makaranta, aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga dogon Bature da ɗan littafi da biro. Kin san ni da mai littafi. Ina 'yar shekara shida babana ya tura ni ƙarƙashin tarun kifi a cikin kwalekwale ranar da jirgi ya zo kwasar yara da ƙarfi zuwa makarantar kwana, shi ya sa har yau ban san baƙi ba. Yayana da aka samu a fili aka rubuta sunansa, bai dawo ba. Ke ma kin girma kin ga ranar da matar gwamnati ta zo gidan Delphine 'yar garinmu, ta ga tabo a goshin jikanta, ta yi rubutu, aka tafi da yara uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Turancina kuma kin san iyakarsa. Mutumin ya faɗi sunansa da inda ya fito, ni ban kama komai ba sai sunan Leander.

Na ba shi kujera, na zuba masa shayi, na sa masa soyayyen burodi. Ya tambayi tsawon ubansa, ya tambayi lambar takalminsa. Ya tashi ya je bakin ƙofa inda kike zana tsawon yaron kowace shekara, ya auna tsakanin zanen da yatsunsa, ya rubuta. Ya tambaya ko yana cin abinci sosai, yana jin magana, wa ke riƙonsa tunda uwar ba ta nan. Da na ji wannan na ce shi ke nan, an zo. Sai ya taɓa kansa da biro, ya ce yaron ya taɓa buguwa a nan, yana ciwon kai? Na dafa ƙirji na rantse masa. Na ce tunda aka haife shi ko tuntuɓe bai taɓa yi a hannuna ba, kansa kamar dutse. Ya yi murmushi, ya rubuta, ya ci burodi biyu, ya yi godiya ya tafi. Na zauna ina gode wa Allah na tsirar da jikana. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Ranar Asabar Wilfred ya shigo da takarda yana washe baki, wai mutumin ya ba shi abin da ya rubuta, ya zo ya karanta mana. Alphonse na nan, Leander na nan. Wilfred yana karantawa yana juya mini da harshenmu. Wai yaron yana da tsawo kuma bai gama girma ba. Wai ƙafarsa da sauri, bugunsa na hagu da ƙarfi, yana ganin abokin wasa ba sai ya waiwaya ba, kuma yana shiga kusurwa inda sauran yara ke tsoron a matse su. Alphonse har da buga tebur. Sai aka zo wani wuri Wilfred ya rage murya. Wai a wasanni biyun ƙarshe yaron ya yi sanyi, yana kauce wa karo, yana komawa benci da wuri, ba a sani ba ko lalaci ne ko zuciya ce babu. Wai za a gani a babbar gasar birnin Saskatoon ranar Asabar mai zuwa, inda masu littafi sun fi hamsin za su zauna, in ya nuna yana iya ɗaukar duka yana ramawa, sunansa zai shiga cikin na farko-farko. A can ƙasa kuma an sa wai lafiyarsa lau, bai taɓa buguwa a ka ba, kakarsa ce ta shaida.

Kakarsa ce ta shaida, Melvina. Ni ce. Mutumin ya gani da idonsa yaron ya canza, ya zo har gida ya tambaya, ni na toshe masa hanya, shi ne ya rubuta lalaci. Da na faɗi gaskiya da wataƙila ya ce a huta da shi.

Wilfred ya zungure shi, wai ka ji, sun ce ka koma tsohuwa kamar kakarka, ko mu saya maka zare ka riƙa saƙa a benci. Kowa ya yi dariya ban da yaron. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce yaron farko da ya tare shi a Saskatoon sai an ciro shi daga cikin katako. Na bi Wilfred har waje na ce masa kan yaron nan ba daidai yake ba. Ya ce haba Kokum, wato kaka, wane ɗan wasa ne kansa bai taɓa buguwa har ya kaɗa ƙararrawa ba, shi nasa ya kaɗa ya fi sau goma, in dube shi. Na dube shi kuwa. Mutumin da ya manta hularsa a gidana sau uku a wata ɗaya.

Na san abin da wasan nan yake a wurinsa. Tun yana ɗan shekara huɗu yake tura kujera a kan ƙanƙarar tafki da takalman hokin Alphonse da muka cusa wa safa. Garin nan ba a taɓa ɗaukar ɗanmu ba, ko a shago sai a tare ni ana mini barka tun ba a yi komai ba. In na hana shi, wataƙila ba zai ƙara cin abincin hannuna ba. Amma Verna ta ce ta ji a rediyo, in kai bai warke ba aka sake buga shi, akwai yaron da ba ya tashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sau biyu ina zuwa har ƙofar asibitinmu in juyo, don ita ma nas ɗin rubutu take yi, kuma za ta ce mako uku ina kallo na yi shiru, ban isa riƙon yaro ba. To ta faɗa. Na kwana na tashi a kan maganar, in ma karɓe shi za a yi daga hannuna, a karɓe shi yana tafiya da ƙafarsa yana sanin sunansa.

Ke kika sa hannu a takardar izinin tafiyarsa gasar, ke ce kuma za ki iya janyewa, ni maganata ba ta da nauyi a wurinsu. Jirgi zai tashi gobe Talata, takardar nan za ta same ki Laraba. Juma'a da safe Alphonse zai ɗauki su Leander a motarsa zuwa gasar. Ki je ofishin shugabanku ki roƙi wayar nan ta rediyo, ko zai yi faɗa ki tsaya a kansa har ya ba ki.

Ki gaishe mini da Rosalie 'yar ƙanwata, ki ce na ga safar da ta aiko, da mijinta Hilliard, da duk matan kicin. Alphonse na gaishe ki, bai san me ke cikin takardar ba. Verna ma na gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce uwarki, Philomene. Ga alamata na sa da hannuna.

Verna, kada ki naɗe tukuna, ƙara wannan. Melvina, in kin samu wayar kada ki fara da Wilfred, zai ce a bari sai bayan Asabar. Kada ki fara da Alphonse, bakinsa ba ya riƙe magana, yaron zai ji ya bi motar wasu tun Alhamis. Shi Leander ki bar mini shi, ni na yi masa alkawari, ni zan dube shi in gaya masa na karya. Nas Joanne za ki fara kira, ita ce farko kafin kowa. Ki ce ta zo gidana da littafinta, duk abin da ta tambaya zan faɗa mata.