Kada Ku Sa Ni a Gurup

Zaharaddeen, kai nike kira. Ka ga na rubuta sunanka, abin da bakina bai taɓa faɗi ba tun ranar da anka raɗa maka shi. Ban san inda saƙonga zai iske ka ba, ko ofis ko cikin mota, ko ma ba ka buɗe shi, tunda da tsohuwar wayar ƙanwarka nike rubutawa.

Da sunan Allah mai rahama. Ni Zulaiha, matar marigayi Mu'azu na Sabiyal, da hankalina nike, ba zafin ciwo ka sa ni magana ba. Na san yau wace rana, na san abin da na sha da safe, na san ɗiyana uku: kai babba, sai Raihanatu da nike kwance gidanta nan Jega Sabon Gari, sai Zulkifilu da ke gida wurin albasa. Likita ya ja Raihanatu waje sunka yi magana ƙasa-ƙasa, ta dawo tana ta gyara mini filon da ba shi buƙatar gyara. Na gane. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, ku karanta shi hakanan.

Na ɗaya. Ranar da na mutu kada a sa ni a gurup.

Gurup ɗinku na waya nike nufi, na tsofaffin ɗaliban kwaleji, wanda kai da Raihanatu kuke ciki, inda ake sa labarin kowa, wane ya samu ƙarin girma, wance ta haihu, wane ya tafi Makka. Ita ka karanta mini in ta dawo daga koyarwa. Nan na ji an maishe ka Abuja. Nan na ji ka zama mataimakin darakta. Nan na ga matarka ta sauka, ga hoton jaririya cikin farin tawul, mutane na ta barka barka, wasunsu ko Aliero ba su taɓa takawa ba balle ƙauyenmu Sabiyal, duk sun riga ni sani. Ni da nike kakarta, sai da na jira Raihanatu ta gama girki tukuna na ji sunanta Umaima.

Na ga yadda anka yi da babanku, shi ya sa. Ranar addu'ar uku kun zo cikin bas, huluna iri ɗaya, anka ɗauko kujerun haya, ciyaman ɗinku ya yi jawabi kan mutumin da bai taɓa gani ba. Sannan kunka jera ƙofar gida za a yi hoto. Zulkifilu ya fito daga rudu, inda muke aje albasa, don ko ana makoki sai an juya ta in ba haka ba ta ruɓe. Rigarshi duk wari. Kai ka miƙa mishi waya ya ɗauke ku. Wani abokinka yac ce mishi, yaro matsa baya ka ɗauko har da zauren. Ina bayan zana, ina ji. Na jira ka ce ƙanena ne, shi ma ubanshi ne ya mutu. Ba ka ce ba. Kafin la'asar kun tashi, da marece hoton na cikin gurup ana ta Allah shi jiƙan baba.

Ni ba a yi mini haka. Ba bas, ba hula, ba jawabi. Raihanatu, in wani ya tambaye ki hotona ki ce uwarku ba ta da hoto.

Na biyu. Zulkifilu, ranar nan ka aje wayar ƙasa ka faɗa ma yayanka abin da ka faɗa gaban baƙinshi. Na san abin da ya ci maka rai, ni ma ya ci mini, amma yayanka ne, kuma tun ranar bai sake kwana Sabiyal ba. Kai za ka fara gaishe shi. Ba don ya fi ka gaskiya ba, don ya riga ka zuwa duniya. Kai kuma babba, in ya gaishe ka, ka amsa da bakinka, ba ka tura mishi ɗan hoton hannu biyu haɗe ba.

Na uku. Wagga ita ta fi tsaya mini, kuma ba kaya ba ce.

Lokacin da anka ƙara maka girma ka yi dogon rubutu na godiya a gurup. Malamanka, maigidanka na ofis, surukanka. Raihanatu na karanta mini sai ta tsaya, ta tsallake wani wuri. Na san karatunta tun tana firamare, in ta tsallake numfashinta na canzawa. Nac ce koma. Ta koma. Ka rubuta Allah shi jiƙan Goggo Gudiya, uwar da na sani.

Uwar da ka sani.

Gudiya yayata ce, Allah shi kai haske kabarinta, ta riƙe ka da kyau can Giwa Tazo, ban da abin cewa. Amma kai ɗan boko, ba wanda ya taɓa gaya maka mi ya sa anka kai ka? Kai ɗan fari ne. Mu nan uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta goya shi gaban mutane, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba, ana yaye shi a ba kaka ko goggo. Haka anka yi ma yayan babanka, haka anka yi ma Gudiya ita kanta. Kunya ce, ba ƙi ba. In ka zo hutu ka gaishe ni ina kallon murhu, kai kana ganin ban damu ba, ni kuwa na riga na auna wuyanka da idona na san ka rame. Tuwon da ake aje maka da man shanu, ka ɗauka daga sama ya faɗo? Duk shekara in albasa ta yi kuɗi, kasona ni ka ɗaure shi a bakin zane in hau mota zuwa Maiyama, in sauka in taka har Giwa Tazo gidan Gudiya, in ce ga shi ki ba wancan, kada ki ce daga ina. Akwatin da ka tafi kwaleji da shi, da takalmin, nan sunka fito. Ba gori nike maka ba. Gudiya ta mutu, babanku ya mutu, in ni ma na yi shiru ba sauran mai faɗi.

Kun yi karatu har kun san abin da Turawa ke ci da safe, amma ba ka san mi ya sa uwarka ke ce maka wancan ba. Ko ka sani, ya fi maka sauƙi ka yi kamar ba ka sani ba. Allah ya san wanne.

Na huɗu, kaya. Malam Sa'idu na bayan masallacinmu ya gaya mini ba a yi ma magaji wasiyya, abin da na bari shi zai raba maku yadda Allah yac ce, kada wanda ya ɗaga murya. Irin albasata da ke cikin gora na riga na ba Zulkifilu a hannu gaban malam, nashi ne, ba ya cikin gado. Tun ina amarya nike ware kawunan da sunka fi jimiri in bar su su yi fure, kada ka haɗa shi da na kasuwa. Fadamar babanku kuma roƙo nike, kada a saida ta ma baƙo. Wanda ke son kuɗin kasonshi ya yi ma ɗan'uwanshi magana tukuna.

Umaima ba ta gadona, don haka ita ina iya bar mata. Saƙin zanena baƙi na ƙasan akwati da 'yan kunnena na azurfa nata ne. In ta yi wayo a ce mata daga kakarta ta Sabiyal, wadda ta gan ta a waya.

Na biyar. Azumin bana ciwo ya hana ni, ku tambayi malam yadda za a ciyar. Babbar tukunyar biki da ke ɗakina ba tawa ba ce, ta gidan Isiyaku maƙwabcinmu ce, a wanke a maida.

Na shida. A kai ni Sabiyal, Raihanatu ta yi mini wanka da matan unguwa. Kada a aje ni ana jiran jirgi ko mota. Wanda ya iske ya iske.

Babba, Raihanatu ta kira ka ya fi a ƙirga, kullum sai ka ce in sha Allahu ƙarshen wata. Jiya tac ce mini, Inna ki bari in sa a gurup cewa ba ki da lafiya, wallahi gobe shina nan, don abokai za su yi ta tambayarshi. Na san gaskiyarta. Na kwana ina juya maganar, don ina son in gan ka, ba ni ɓoyewa yanzu, mi ya rage da za a ji ma kunya. Amma na hana ta, kuma ina ƙara hanawa nan a rubuce. Zuwan da idon abokai ya kawo ba nawa ba ne, nasu ne, kuma za ka zo da su. Raihanatu, ki tura mishi wanga saƙo shi kaɗai, sai Zulkifilu. In bai zo ba, bai zo ba.

Raihanatu, Allah shi yi maki albarka, shi ba ki masu ɗauke maki kwano kamar yadda kika ɗauke nawa ba ki yamutsa fuska ba. Zulkifilu, Allah shi yi maka albarka, shi tsare maka rudu daga ruɓa da bakinka daga zafi. Ku riƙe juna ku ukun, gidan Mu'azu kada ya koma wurin da ake zuwa sai an mutu. Sallah ko ɗaya a shekara ku ci tuwo kwano guda.

Kai kuma babba, ban yi maka baki ba, ba ni yi, na yafe maka duniya da lahira don kada a tsaishe ka saboda ni. Amma albarkarka ba ni rubuta ta a waya. Tana nan bakina, ka zo ka durƙusa in sa maka hannu a kai, ba ta da nauyi, ba ta ɗaukar lokaci, kana iya komawa ranar.

Ana bugun ƙofa. Raihanatu na makaranta, ba kowa gidan sai ni. In mai ruwa ne ya jira. Bari dai in lallaɓa bango in duba, kada ya zan wani ne ya ga shiru ya juya, in na dawo sai in ƙarasa.