Fuskar Katun Ta Rufe Mini Fuskar Uwar 'Ya'yana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan zaure da dukan masu karatu, manya da ƙanana. Na roƙi a sakaya sunana, domin da yawa daga cikinku sun zauna a gabana a kan bencin lakwal, wato makarantar boko. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe, sannan ku ba ni shawara.

A garinmu, nan kusa da Konni, an daɗe ana cewa ba a halicci abin da zai sa Direkta ya zubar da hawaye ba. An faɗi haka ina koyarwa a Bazaga, an faɗa ina riƙe da lakwal a Malbaza, an kuma maimaita ranar da muka kai uwar 'ya'yana makwancinta, na tsaya ina karɓar gaisuwa idona a bushe. Ban taɓa musantawa ba, kuma gaskiya ban ƙi a faɗa ba.

Bayan Sallar azumi jikata, wadda zan kira Rabi, ta zo hutu daga makarantar aikin jinya. Wata rana da hantsi ina zaune a zaure na ji wata siririyar murya tana fita daga salularta, da kiɗa mai sanyi. Na ce mata mai ilimi ba ya ɓata lokacinsa a kan katun na yara. Ta yi dariya ta ce, "Haba angona, kai da ko kukan jariri ba ya motsa ka, mi kake tsoro? Riƙe ka gani." Na karɓa domin in nuna mata wautar abin.

Waƙa ce gajera ta mutanen Japan, ba ta kai a shanye kofin shayi ba, kuma ban fahimci kalma ɗaya a cikinta ba. An zana wata mata tana shanyar tufafi a tsakar gida, iska tana kaɗa su. Can ɗankwalinta ya zamo mata a goshi, hannuwanta kuma a jiƙe suke, sai ta ɗaga bayan wuyan hannunta ta tura shi sama, ta ɗan karkata kai. Jama'a, haka marigayiya take yi in tana damun fura, ba kama ba, shi ne ainihinsa. A ƙarshen waƙar tufafin suna nan a kan igiya, matar ba ta nan. Ban san lokacin da gemuna ya jiƙe ba. Rabi ta daina dariya, ta fita ta ja mini ƙofa.

Na sa ta saka mini waƙar a tawa salular. A ƙarƙashinta mutane ba iyaka sun yi rubutu da harsuna iri-iri. Na karanta na Faransanci, da farko ina gyara musu kurakurai a zuciyata kamar yadda na saba, daga baya na bar gyaran. Wani uwarsa ya tuna, wata kakarta, wani kuma ya ce kullum sai ya kalla kafin ya fita aiki. Na ji sanyi da na ga ba ni kaɗai ba ne, na ci gaba da kallo, safe da yamma.

Ga inda tsoron ya shigo. Wata Juma'a bayan na dawo daga masallaci, na zauna in yi mata addu'a, na nemi fuskarta a zuciyata kamar kullum, sai fuskar katun ta zo mini, fara, sumul, da manyan idanu. Na runtse ido na kore ta, ta dawo. Marigayiya baƙa ce, tana da tsagar gidansu a kumatu biyu, amma na kasa ɗora tsagar a inda take. Na san akwai ta, kamar yadda na san sunan garin da ban taɓa zuwa ba, ganinta ne ya ɓace. Ba mu da hotonta. Ba ta yarda a ɗauke ta ba, na katin ɗan ƙasa kuwa ruwan da ya rushe ɗakinta ya tafi da shi. Kuma ku sani, mu a zamaninmu miji ba ya zama ya ƙura wa matarsa ido, a sace ake kallo, shi ya sa motsinta ya fi zauna mini fiye da fuskarta.

Na tara 'ya'yana na ce kowa ya siffanta mini uwarsa. Babbar ta ce tsagar ta kai har kusa da kunne, ƙaramin ya ce a'a gajera ce, suka shiga gardama a gabana. Babban ɗana, direban babbar mota ne, ya tashi ya ce wannan ba tambayar mai lafiya ba ce, hoton da aka zana aka sa masa motsi matattarar aljanu ce, a goge shi a kira malam ya yi mini ruƙiyya. Rabi ta ce masa aljani bai san Japan ba, likita ya kamata a kai ni a duba kaina. Ya ce ta rufe masa baki tunda ita ta jawo. Na tsawata musu duka, amma maganar Rabi ta shige ni, domin yayana haka ya fara a Tsarnawa, fuskoki ya soma mantawa, har ya rasu yana tambayar 'ya'yansa daga wane gari suka zo.

Hanya ɗaya ta rage mini. Marigayiya tana da yaya, tana raye a wani ƙauye a ƙasar Illela, tamu ta wajen Tawa ba ta ƙetaren iyaka ba. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, wanzami ɗaya ya yi musu tsaga. To amma yayar mata suruka ce. Tunda na auri ƙanwarta ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, in mun gaisa ina durƙushe ne a bakin ƙofa, ita tana bayan labule. Ta yaya dattijo kamata zai hau mota ya je ya ce mata, Yaya, ɗaga mayafinki in dube ki? Ta tsufa ƙwarai, an ce ma ba ta fita. In na jinkirta, ƙasa za ta rufe fuska ta ƙarshe mai wannan tsagar. In na je na duba, ina tsoron kada fuskar tsohuwa ta zo ta zauna a kan ta katun, tawa ta ƙara nisa.

Waƙar kuma na kasa gogewa. Sau da yawa na ɗora yatsa na janye, domin a duniya nan kaɗai ne ake tura ɗankwali da bayan hannu kamar yadda take yi. In na goge, motsin ya tafi, kuma ba ni da tabbacin fuskar za ta dawo.

Saboda haka nake tambayarku. In goge ko in bari? Waɗanda suka san al'ada, akwai lafazin da zan roƙi Yaya da shi ba tare da na zubar da girmanta da nawa ba? Masu aikin likita, wannan mafarin ciwon yayana ne? Wanda ya taɓa rasa fuskar mamacinsa a zuciya, ta dawo masa?

Ina so mai kula da zaure ya ajiye wannan a rubuce, domin ban amince da kaina ba yanzu. Laraba ta farko bayan Sallar Layya, in Allah Ya kai mu da ni da Yaya, zan tafi Illela. In ranar ta zo kun ji shiru, ku tuna mini.