Injiniya da Wayar Kicin

Litinin, 3 ga Maris
Allah ya yi mini baiwa, ashe injiniya nake aure ban sani ba. Shekara da shekaru yana buga hatimi a ofis, ilimin lantarki na kwance a cikinsa yana jiran ritaya. Murhun lantarkin da babbar 'yarmu ta aiko yana son a ja masa wuta zuwa kicin. Na ce a kira mai gyara. Ya ce, "A gidana?" Ya zaƙulo ragowar siririyar wayar da aka yi fitilun baranda da ita. Wai waya waya ce, wuta ba ta zaɓe.

Na bar shi ya yi. Tun da ya bar aiki, yau ne na fara ganin ya yi wanka da safe ba a roƙe shi ba.

Laraba, 5 ga Maris
Ya gama. Har fito yake yi. Ya ci abinci ya nemi ƙari.

Asabar, 8 ga Maris
Na kunna kai biyu na murhun da obin, ƙas, bireka ta faɗi. Ya tayar, ta sake faɗuwa. Ya tsaya yana kallonta kamar ta zage shi. "Raguwa ce," in ji shi. Ya fita, ya dawo da ƙatuwa mai lamba talatin da biyu, ya cire mai lamba goma ya sa ta. Yanzu ba ta faɗuwa. "Kin gani, 'yar kasuwa? Ba komai ne tayi da ragi ba, wani abu sai da ƙwaƙwalwa."

Lahadi, 9 ga Maris
Ƙaurin roba a kicin. Na dafa wayar inda ta bi bango, zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Na kashe murhun, na ce da shi ai girkin gas ya fi daɗi.

Talata, 11 ga Maris
Na tsallaka shagon Dogo mai kayan wuta, wanda ke kallon shagona na takalma. Na ce wata ƙawata ce mijinta ya yi kaza da kaza. Ya yi dariya. "Ki gaida mini ƙawar taki, da maigidanki."

Abin da na riƙe daga bakinsa: waya mai lamba ɗaya da rabi ta fitilu ce. Biyu da rabi ta soket. Murhu irin namu sai shida, kuma layinsa shi kaɗai tun daga akwatin bireka, ba ya raba da kowa. Bireka kuma ba don murhu aka sa ta ba, mai gadin waya ce. Ta farkon da ke faɗuwa aikinta take yi. Wannan ƙatuwar sai wayar ta narke tana zaune ba ta ji komai ba.

Ya ce ya turo mini mai gyara gobe. Na ce tsaya tukuna.

In baƙo ya shigo ya ɓalle aikin a gaban maigidana, na san inda zai koma. Kujerar nan ta bakin taga, rediyo a kunne, ba ya saurara. Wata da watanni na yi ina kallon ƙeyarsa. In kuma na bari, gidan ne zai tafi, da mu a ciki.

Alhamis, 13 ga Maris
Na sayar wa mutum takalmin da ya matse shi ya tafi yana godiya, mijina ne zai gagare ni?

Juma'a, 14 ga Maris
Na shigo da naɗin waya mai shida, na jefar a tsakar ɗaki ina mita. Na ce na je sayo 'yar wayar guga ne, Dogo ya cuce ni ya haɗa ni da wannan jibgegiya, kuma ya rantse ba ya karɓar kayan da ya fita. "Wai ta murhu ce. Ni me na sani? Dube ta, Baban yara, ko igiyar shanya za mu yi da ita."

Ya ɗauka. Ya fere bakinta, ya jera jan ƙarfenta kusa da na tasa. Ni kuwa ina ta goge tebur ɗin da ba datti.

Can ya ce, "Asara ce a bar ta."

Lahadi, 16 ga Maris
Ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya cire tsohuwar wayar. Wani wuri robar ta yi baƙi ta manne da bango. Ya gani, na gani. Ya naɗe ta da sauri ya tura a buhu, ni kuma na shiga neman abin da bai ɓata ba a cikin firji.

Da yamma, bayan ya ja sabuwar, ya zaunar da ni ya yi mini lacca: bireka mai gadin waya ce, kowace waya da nauyin da take ɗauka, mata ba sa lura da irin wannan. Na ce ikon Allah, ashe haka ne.

Talata, 18 ga Maris
Shi da kansa ya kira mai gyara ya zo ya auna aikin kafin a kunna. Wai "abokin sana'a". Mutumin ya ƙara ɗaure wayar ƙasa, ya ce sauran ya yi. Da ya tafi, Injiniya ya dube ni ta saman tabarau: "'Yar kasuwa, ke da ba a taɓa cuta a ciniki ba, Dogo ne ya fara?" Na ce tsufa ne. Ya ce, "Allah ya ƙara miki irinsa."

Alhamis, 20 ga Maris
Yanzu fankar ɗakin baƙi ya sa a gaba. Da safe ya tambaye ni wace waya ta dace, wai gwada ni yake. Na rufe shago tun rana na sama, ba don komai ba, kasuwar ce ba ta ci. Na riƙe masa tsani har hannuna ya sage, yana ta ba ni umarni daga sama kamar ni ce masinjan ofishinsu.

Kasuwar ce dai. In ba haka ba, wace mai hankali ce za ta bar ciniki ta zo tana miƙa wa tsoho filaya?