Kujerar Ajin Laraba

Zuwa ga Auta, manajar kamfanin da na kafa,

Bayan gaisuwa. Da zarto ɗaya na fara aikin kafinta a ƙarƙashin rumfar kwano. Ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Na gina shago, na sayi injin yankan katako, na kai ki jami'a, ni da sakandare ma da ƙyar na gama. Wa ya ba ni horo? Guduma ce ta koya mini, a kan babban yatsa.

Yanzu na ji kowace Laraba kina kashe injuna, ki tara ma'aikata a sito wai horo. Har an ce sun wargaza kujerata suna nazari. Nazarin me? Auta, wanda kika koya wa komai, gobe shi zai buɗe shago a ƙofarki. Shi ya sa kullum nake kulle ɗaki in zan yanka mahaɗin ƙafar kujera. A daina wannan shirme. Na rubuto ne don in na kira sai ki ce kina mitin.

Allah ya shirye ki,
Mahaifinki.

*

Baba,

Barka da hutawa, ya gwiwa? Makarantun da ke sayen kujerunmu sun ce za su koma wani wuri, don tamu ba ta naɗewa, tana cinye musu aji. A wurin horon ne Gajere mai fenti ya zana wadda ake naɗewa. Mun haɗa ta, amma rawa take yi. In ba mu gyara kafin a dawo hutu ba, dole mu sallami rabin mutanenmu.

Ba sirrinka nake roƙo ba. Don Allah kada ka zo ganinta, hawan jininka zai tashi.

Ina gaida Mama,
'Yarka.

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice. Ni za ki hana shiga shagona? Na je, kina can banki. Na zauna a kan abin nan, ya yi da ni kamar kwale-kwale. Gajere ya ce, "Tsoho, riƙe bango, ba mu da kuɗin asibiti." Suka kwashe da dariya. Na ce, "Kai da fenti kawai ka iya, miƙo min kurfin sassaƙa, ɗan nema!" Raina ne ya ɓaci, shi ya sa na yanka mahaɗin a gabansu, ƙofa a buɗe. Sai mai ɗinkin kushin ta ce me zai hana a juya shi ciki don ya naɗu. Na ce ba a yin haka. Aka yi, ya zauna daram. Ba yabo nake ba, labari nake ba ki.

Laraba mai zuwa a wasa kurfuna kafin in iso, duk sun dakushe.

Mahaifinki.

*

Baba,

Sannu da aiki. Makarantu sun karɓa, ba wanda za a sallama. Ma'aikata sun sa mata suna Kujerar Ajin Laraba.

'Yarka.

*

Auta,

Laraba ce ta riƙe kurfi? A sa sunan Gajere, a sa na mai kushin, ban hana ba. Amma a ƙarƙashin kowace kujera a buga sunana, cikakke, da manyan haruffa, kuma a saman nasu.

Mahaifinki.