Bazara ko Damina

Litinin, 7 ga Agusta, 2023
Na fara fassara wasan Japanawan nan zuwa Hausa. Labari ne ake karantawa a kwamfuta, sai a ba ka zaɓi: ka yi magana, ko ka yi shiru. Yaro da yarinya, dogon hutu, ƙauyen bakin teku. Kalma ɗaya ta tsaya min: sunan lokacin hutun nasu, na zafi. Na rubuta "bazara". Ƙamus ya goyi bayana.

Laraba, 9 ga Agusta
Hulda! A kasuwa, wajen masu citta. Shekara goma sha biyar rabona da ita, tun hutun da na yi gidan gwaggo a Samaru Kataf, na koma makaranta ban ce mata komai ba. Nas ce yanzu. Wani asibiti a Abuja na nemanta, ran Juma'ar mako mai zuwa za ta miƙa takardar amincewa.

Asabar, 12 ga Agusta
Ta zo, na nuna mata aikin. Ta yi dariya har da riƙe ciki.
"Malam ɗan jarida, wane yaro ne yake soyayya a bazara? Jarrabawa ake yi, ana fama da ƙurajen zafi. Hutu damina ne. Masara, laka, mu a ƙarƙashin kwano muna jira ruwa ya ɗauke."
"Mu" ta ce. Shekara tara ina gyara rubutun mutane, na san kalmar da aka sa da gangan.

Lahadi, 13 ga Agusta
Ƙamus ya yi daidai, ita ma ta yi daidai. Na goge bazara a wuri arba'in da ɗaya.

Laraba, 16 ga Agusta
Na gwada zaɓin shiru a wasan har ƙarshe. Yarinyar ta hau jirgi. Kyakkyawan rubutu ne, amma ban ji daɗinsa ba.

Alhamis, 17 ga Agusta
Na same ta a bakin asibiti. Jawabin da na tsara ya watse, abin da ya fito kawai: "Kada ki tafi."
"Kai! Tun 2008 kana gyara wannan layi ɗaya?"
Ta hau keke napep tana murmushi. Ba ta ce e ba.

Asabar, 19 ga Agusta
Ba ta miƙa takardar ba. Wai ruwa ne ya hana ta fita. Jiya ko ɗigo ba a yi a Kafanchan ba.
Na biya wajen kafinta, na sa a yi min kujera ta biyu. Saboda baƙi ne.