A Sauke Mana Allon Nan, Mama

Zuwa ga Mama Shugabar kwamitin da ke ɗaukar nauyin gidan mata a Kafanchan.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki. Ni ce Saratu, mutuniyar Fadan Kagoma, wadda ta fi kowa surutu a wajen tsagar citta. Ƙorafi na kawo, amma bari in fara da alherin da na gani.

Na farko, yadda na shiga gidan. Bayan an ƙone mana gida, barci ya ƙaurace mini. Na kama burukutu, na wuce ogogoro, har na koma kwana a barandar shagunan mutane. Da a lokacin wani ya ce in zo a gyara ni, da na zage shi tas. Mama Asabe mai kula da gidan ba ta yi haka ba. Wuƙa ta miƙo mini, wai ana neman hannu a tsagar citta. Na shiga da kwano a ka kamar kowace 'yar ƙwadago. A kan tabarmar cittar nan na yi kukana, a nan nas mai duba matan gidan ta same ni, a nan dariyata ta dawo. Yau ina da ɗakina, har ina jan waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, ko da yake muryar sai haƙuri.

Na biyu, sirrin gidan ke nan. Duk wanda ya ga mace ta shiga da wuƙa da kwano, aikin citta zai ɗauka ta zo. Mai neman na cefane da mai neman tsira, Kirista da Musulma, ƙofa ɗaya muke bi.

Na uku, allon. Kwanan nan kwamitinku ya kafa mana allo wanda ya fi ƙofar girma, an rubuta Gidan Mata Masu Shaye-shaye da Marasa Matsuguni, da Hausa da Turanci, don kada wani ya ce bai gane ba. Fentin ya yi kyau, ban musa ba. Amma Mama, Kafanchan ce fa! Kafin ya bushe 'yan acaba sun raɗa wa wurin Kwanar Mashaya. Masu sayen citta daga Kwoi yanzu fuskokinmu suke dubawa kafin kaya.

Ni ban damu ba, labarina ya daɗe da zaga gari. Wata 'yar'uwa nake ji, mai fama da shan maganin tari, ba zan faɗi sunanta ba. Makonni na yi ina lallaɓa ta. Ranar Litinin ta ɗauko kwanonta, ta zo har bakin ƙofa, ta ɗaga kai ta karanta, ta juya. Kafin in fito ta hau acaba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Roƙona a sauke allon. In masu ba da taimako hoto suke so, su shigo su ɗauki tarin citta, ni ma zan tsaya da sabon ɗankwali. Allon kuwa kada a yar. Mun auna shi da ido, in aka kife rubutun ƙasa zai yi shanyar citta mai kyau.

Ubangiji ya ƙara miki lafiya da hikima, ya sa wa aikinku albarka. Wuƙar 'yar'uwar nan na wasa ta, na rataye kusa da tawa. Ta aiko mini cewa ranar da ta wuce ba ta ga allon ba, za ta shigo.

Wassalam.

Taki,
Saratu